Kwali Uku na Malam Haruna

Ku da kuke cewa kanikanci kwance-ka-ɗaure ne, ku matso ku zauna a kan tayar nan, tunda yau babu mota a kan ramin gyara. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa wai yanzu ko a waya mutum ya kalli yadda ake gyaran mota, sai ya tashi ya gyara. To, madalla. Wayar za ta nuna maka yadda ake kwance abu, amma ba za ta gaya maka wane abu za ka kwance ba, kuma nan sana'ar take. Ni Isuhu na haura shekara talatin ina birgima a ƙarƙashin motocin mutane a nan Malumfashi, amma ɗigon baƙin mai ya taɓa raba ni da sifana har sama da sati uku. Kun taso kun ji ana ce mini Isuhu Gabas, ba ku san inda sunan ya samo asali ba. Yau za ku ji.

A Funtua na koyi aiki, a hannun maigidana Mamman Dogo, Allah Ya jiƙansa. Shekara biyu cur ban kwance noti ko ɗaya ba. Aikina wanke inji da kananzir da tsohon buroshi, sai tankaɗe toka. E, toka dai, irin ta murhu. Ni ina ganin wulaƙanci ne, ashe karatu ne. In aka kawo mota mai zubar da baƙin mai, sai ya sa a wanke injin tas ya bushe, a barbaɗe shi da tokar nan ya yi fari fat, sannan a tayar da shi a bar shi ya ɗau zafi. Duk inda mai yake fitowa za ka ga wurin ya fara baƙi a cikin farin, ya ja layi ya gangaro. Dogo yakan ce mai ba ya hawa sama, saboda haka inda ka ga ya ɗiga ba nan ya fito ba, ka bi sawunsa ka hau har ka tarar da shi a ƙofar gidansu. Shi ya koya mini bambanta man inji da na giya da na birki da hanci, wani lokaci har da ɗan harshe. Yana kuma da wata magana da yake yawan maimaitawa, wadda a lokacin nake ɗauka surutun tsufa ne: in mota ta ƙi faɗa maka gaskiya a gareji, ka bi ta inda take kwana. Ranar da ya yaye ni bai ba ni komai ba sai sifanarsa mai lamba sha uku, wadda hannu ya cinye bayanta har tana sheƙi. Da ita na buɗe wurin nan.

Kada ku raina ɗigon mai. Na ga direban da ya ce ai ɗan kaɗan ne, yana ƙarawa kullum da safe, ranar da ya manta injin ya buga masa a tsakiyar hanyar Maska da lodin barkono. Na ga wanda ya liƙe wurin da sabulu, na ga wanda ya cusa tsumma ya ɗaure da roba ya zo yana ce mini ya riga ya rage mini aiki. Duk waɗannan masu sauƙi ne, don suna nuna maka ciwon da yatsa. Mai wahala shi ne wanda ya zo da gaskiyarsa da ladabinsa, ya yi duk abin da ka ce masa.

Shekarar da abin ya faru ita ce shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi. Kun yi wayo a lokacin, kun gani. Masu motoci suka jingine su a bayan gida, wasu har kaji sun yi ƙwai a ciki. Ga hanyoyin ƙauye babu kwanciyar hankali, mutum ba ya fita sai dole. Garejin nan ya koma majalisa. Daga safe har la'asar ni da Sabi'u mai walda, maƙwabcin nan nawa da kuke jin ƙarar injinsa, ba abin da muke yi sai dara a ƙasa da musu. In mota ɗaya ta karyo kwana sai ka ga kanikawa uku sun miƙe tsaye. A irin wannan shekara suna shi ne jarin mutum, in ya zube ba mai taya ka kwashewa.

Ana cikin haka, tsakiyar damina, Malam Haruna ya kawo motarsa. Dattijo ne manomi daga wani ƙauye can bayan Kafur, mai noman masara da waken suya, ya girme ni nesa ba kusa ba. Motar 'yar Kwatano ce, ya saye ta bayan wata kaka mai albarka. Ita ke kai masa taki gona, ita ce kuma motar asibitin ƙauyen baki ɗaya. Mutum ne da in ya ce wane ya iya aiki, duk masu motocin yankinsu wurin wane za su zo. Ya fito ya gaishe ni kamar wani babba, ya ce, "Malam Isuhu, baiwar Allahn nan fitsarin kwance take yi. Kullum na fito da safe sai na tarar ta jiƙa mini ƙasa da baƙin mai."

Na leƙa ƙarƙashi, sai na ga inji fes kamar yau aka sauke shi daga jirgi. Na ce, "Malam, ina man?" Ya ce ai ya biya ta wurin masu wankin mota an wanke ta ciki da bai har ƙarƙashi, don ba a zuwa wurin likita da dauɗa. Kun ji fa. Mutum ya share sawun ɓarawo, sannan ya kira ka ka bi sawu. Na zaro ma'aunin mai na duba, lallai mai ya yi ƙasa. Sai na yi abin da ba a yi, wato canke. Na ce robar murfin saman inji ce, tunda ita ta fi saurin gajiya a tsofaffin motoci. Na canja ta, na cika mai, ya yi mini addu'a ya tafi.

Bayan kwana huɗu sai ga shi. Wannan karon bai wanke ba, amma akwai wani mashigi a hanyarsu da ruwa ke tsallakawa, jar laka ta yi wa ƙarƙashin motar yaɓe, ta haɗe da mai ta zama kunu, ba ka gane farko bare ƙarshe. Na hau da ita kan rami, na wanke da hannuna, na barbaɗa toka yadda aka koya mini, na tayar da inji. Awa biyu yana aiki. Na shiga rami da tocila na fito ya fi sau goma. Tokar nan fari fat, ko ɗigon da ƙuda zai sha babu. Na kashe, muka yi azahar, muka ci abinci, na sake leƙawa, ƙasa a bushe. Na ce, "Malam, motar nan lafiyarta ƙalau." Ya ce, "A nan kam haka take. Kunyarka take ji."

A nan ne ya kamata in tuna maganar Dogo in shiga motar in bi ta gida. Amma na duba nisa, na duba tsadar man dawowa, na duba yanayin hanya, sai na ce bari in yi dabara. Na samo wani babban kwali, na farke shi ya baje, na tsoma yatsa a baƙin mai na zana kibiya a gefe guda. Dabarar ita ce ya shimfiɗa kwalin a ƙarƙashin inji in ya ajiye motar, da safe ya kawo mini. Ni kuma in mayar da shi ƙarƙashinta a nan, kibiya tana kallon hancin mota, in ɗaga kai daga tabon mai in ga abin da ke samansa. Daidai lokacin da zan yi masa bayani Sabi'u ya tayar da janaretansa yana yankan ƙarfe, sai da na ɗaga murya. Na ce, "Malam, kibiyar nan ta kalli gaba, sai ka danne kwalin da duwatsu." Ya tsaya yana kallona wani iri, sannan ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Ikon Allah. Ashe ku ma kuna da naku sirrin." Na ɗauka dabarata yake yabo, har kaina ya ɗan kumbura.

Kwali na farko ya zo da tabo kamar faɗin faifai, can baya ta hannun hagu. Na shimfiɗa shi, na ɗaura noti a zare na sako daga sama don in daidaita, ya faɗo daidai inda inji ya haɗu da giya. Na ce alhamdu lillahi, ɓarawo ya kamu, sil ɗin baya ne, wato zoben robar da ke tare mai a wurin. Ku da kuka taɓa ganin an sauke giya kun san ba wasa ba ne. Wuni biyu na yi da jak da katako, har yatsan nan ya fashe, ga tabonsa nan. Da na ciro sil ɗin sai na ga lafiyarsa lau, ko ƙwarzane babu. Na juya shi a rana, na murza shi, na shinshina. Amma tunda na riga na kwance, na sa sabo na mayar, na ce wa kaina wataƙila idona ne ya fara tsufa. Na ba Malam sabon kwali don a tabbatar.

Ya dawo da shi da tabo, amma ba a inda yake da ba. Yanzu ya koma gaba ta hannun dama, ƙarƙashin filtar mai. Na zauna a bakin rami da kwali biyu, in ɗaga wannan in ajiye in ɗaga wancan. Yo mai ƙafa gare shi? Ko kuwa wuri biyu ne ke zuba, na toshe ɗaya ɗayan ya samu baki? To in haka ne, me ya sa toka ba ta nuna ko ɗaya ba? Na tambayi Malam ko ya tabbata kibiyar tana kallon inda na ce. Har ya ɗan ɓata rai. Ya ce, "Malam Isuhu, shekara sittin ina kallon wurin nan sau biyar a rana, yau ne zai ɓace mini?" Da yake kaina ya ɗau zafi, ban tsaya na auna maganar ba. Na ce a raina tsoho gaban motarsa yake nufi, ya dai ƙara gishiri.

Na canja filta, na canja ɗan makunnin da ke kusa da ita mai kunna jar fitilar mai, na bi duk notin da ke wurin na ƙara ɗaurewa. Ranar kasuwa ce, mutane sun taru a rumfar nan suna fakewa ruwa. Sabi'u, da bakinsa ba ya zama shiru, ya ce, "Malam, ka kai ta Funtua mana wurin manya. Wannan sai ya canja maka motar guntu-guntu, ya bar maka lamba kawai." Aka kwashe da dariya. Malam Haruna bai yi dariya ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai, don na ga tausayina yake ji. Ban san lokacin da na zaro sifanar Dogo daga aljihu ba. Na ce, "Malam, riƙe wannan. Wallahi tallahi in motar nan ta sake ɗigar da mai a ƙofar gidanka, na bar kanikanci, hannuna ba zai ƙara taɓa mota ba." Malam ya ce, "Subhanallahi. Janye, ɗana." Na ce na riga na faɗa. Ya girgiza kai, ya naɗe sifanar a hankicinsa ya sa a aljihu, na ba shi kwali na uku ya tafi. Baki shi ke yanka wuya, ku riƙe wannan ko ba ku riƙe komai ba yau.

Kwana uku shiru, har na fara taka ƙasa da ƙarfi. A rana ta huɗu sai ga shi, ya tsaya can bakin titi, kwali a naɗe a hammata, ya kasa shigowa. Ashe tun washegari ta zubar, nauyin kawo mini yake ji, ƙarya kuma ba ya yi. Na karɓa na tura ƙarƙashin motar da ƙafa, na durƙusa na leƙa. Tabon ya faɗo a wurin da babu inji sam, wani fili ne tsakanin taya da ƙarfen gindi, in ka ɗaga kai sai dai ka hango haske. Babu bututu, babu noti, babu komai. Mai daga iska yake ɗigowa ke nan. Na jera kwalayen a ƙasa ina kallo, tabo uku a wuri uku, mota kuma ɗaya. Wani daga cikin 'yan majalisa ya ce ai an ce a gindin tsamiya Malam yake ajiye ta, kuma kowa ya san masu zama a tsamiya. Da a da ne da na daka masa tsawa. Ranar nan kuwa wallahi sai kawai na miƙe. Na tattara kayan aiki na zuba a akwati, na sa kwaɗo.

Kwana goma sha bakwai ina zaune. Na je na taya ƙanena maimai a gonarsa, hannun da ya saba da sifana ya yi ta bororo a ƙotar fartanya. Motoci biyu suka zo, a shekarar da ake neman ɗaya ido rufe, suka tarar da kwaɗo suka wuce gaba. Magana ta zaga gari, har a teburin mai shayi ana cewa mota ta kori Isuhu daga sana'a. Limamin unguwarmu ya kira ni ya ce rantsuwa irin wannan tana da kaffara, in ciyar da miskinai goma, in babu hali in yi azumi uku, in koma bakin aikina, iyali suna jira. Na ce, "Allah gafarta Malam, na ji. Amma in na yi kaffarar na buɗe akwati, aka kawo mini wata mai zubar da mai, me zan ce na sani?" Gaskiya ba rantsuwar ce ta fi ɗaure ni ba. Tsoro nake ji, tsoron kada ya zama duk shekarun nan canke nake yi, Allah Yana rufa mini asiri. Ko tuwo nake ci sai in ga ina zana kibiya a cikin miya.

Ranar da aka cika sha bakwai na ari babur. Ba gyara zan je yi ba, na rantse. Na ce dai ko da barin sana'ar zan yi, sai na ga wurin da ya ci ni da idona, zuwa da kai ya fi aike. Na wuce Kafur, na bi ta cikin masarar da ta fi ni tsawo, na tura babur a mashigin nan ruwa har gwiwa, na isa bayan la'asar. Gidan Malam yana yamma da wata tsohuwar tsamiya. Tsamiyar a kan tudu take, ƙasa ta gangare daga gindinta ta kowane gefe, ta gabas ma har zuwa wani kududdufi. Ina cikin gaisawa da mutanen ƙofar gida sai ga Malam ya dawo daga gona. Ya ɓullo ta kudu, ya hau tudun nan da motar har hancinta ya kusa taɓa itacen don ta samu inuwa, gindinta a ƙasa. Na duba sai na ga ƙasa ta yi baƙi a wuri uku kewaye da tsamiyar. Na ce, "Malam, ashe ba wuri ɗaya kake ajiye ta ba?" Ya ce a'a, ta inda ya ɓullo nan yake hawa, in daga gona ta nan, in daga Kafur ta can, in daga gidan 'yarsa ta wancan gefen.

Bayan ya sa an kawo mini ruwa, sai ya shiga zaure ya fito da kwali. Ashe bai daina ba, kullum sai ya shimfiɗa, har kibiyar yake zanawa da kansa da gawayi. Ya tsaya a gaban motar, ya ɗaga kai ya dubi masallacin ƙofar gida, ya juya kwalin a hannunsa a hankali har kibiya ta daidaita da alƙibla. Ya yi bisimilla, ya tura shi ƙarƙashi a haka, ya danne da duwatsu huɗu. Motar tana kallon arewa, kibiya tana kallon tayar dama.

Na ce, "Malam, me ka yi haka?"

Ya ce, "Abin da ka ce. Kibiya ta kalli gabas, a danne da duwatsu."

Na ce, "Gaba na ce, Malam. Gaban mota."

Ya ce, "Gabas ka ce, Malam Isuhu, da kunnena na ji. Shi ya sa na ce ashe kuna da sirri. Na ɗauka wani laƙani ne na maigidanka, irin wanda ba a tambayar dalili."

Na zauna a kan saiwar tsamiya. Na maimaita maganar a bakina. Gaba, sai ka danne. Gaba sai. Gabas ai. Ku faɗa da sauri ku ji, sannan ku ɗora janaretan Sabi'u a kai. Wato ɗigon nan tun farko wuri ɗaya yake fitowa, bai taɓa matsawa ba. Motar ce ke zagaya itace, kwali yana tsaye a alƙibla, ni kuma ina can Malumfashi ina sauke giyar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na ji ina ta cewa "to, to, to" kamar mai karɓar saƙo.

Saura tambaya ɗaya, me ya hana ta zuba a gareji? Na kalli yadda ta tsaya, hanci sama gindi ƙasa, sai abin ya faɗo mini. Ramina a miƙe yake kamar tabarma. A nan kuwa duk man da ke cikin kaskon ƙasan inji baya yake komawa ya taru. Na kwanta rigingine na tura kaina ƙarƙashi, hannuwana a harɗe a ƙirji saboda rantsuwa. Na ce Malam ya kawo tsumma da tocila. Dattijo mai jikoki ya kwanta a ƙasa kusa da ni da rigarsa, ina cewa goge nan, matsa sama, a'a, bayan wannan ƙarfen, shi kuma yana gogewa. A bangon baya na kaskon, can sama inda ƙarfen gindi ya kare shi daga ido, sai ga wata 'yar tsaga kamar silin gashi. Muna kallo ta yi ƙwalla, ta tara, ta ɗigo a kan kwali. Wataƙila dutse ne ya daki wurin a mashigi. In mota tana tsaye daidai mai ba ya kaiwa nan, sai ta ɗaga hanci.

Malam ya ce, "To gyara mana, ga ka ga ta." Na ce ba dama, hannuna a ɗaure yake, kuma ma sai an cire kaskon an kai shi walda. Amma kafin nan ya daina hawa tudu da hanci. Ya juya ta, gindi wajen itace hanci ƙasa, mai ya koma gaba ya rabu da tsagar. Na duba gefen da ya fi gangara, na nuna masa na kududdufi. Ya ce shi bai taɓa yarda ta kalli ruwan nan ba, don bai amince da birkin hannu ba. Na ce a sa mata duwatsu a taya. Ya juya ta da ƙyar, aka sa duwatsu, ya fito. Ya tsaya ya dubi motar, ya dubi masallaci, sai na ga yana murmushi. Hancinta gabas yake kallo sak. Ya jawo kwalinsa ya sake turawa, karo na farko kibiya da mota suka kalli wuri ɗaya.

Washegari da hantsi ya kira ni a waya. Ya ce, "Malam Isuhu, kwali tas, ko ɗigo babu. Ka gani ko? Ai gabas ɗin ce maganin. Kuskurenmu kawai, kwali muka yi ta juyawa maimakon mota." Na buɗe baki zan yi masa bayanin gangara da kasko, sai na ji na gaji. Na ce, "Haka ne, Malam."

Bayan kwana biyu ya zo da motar da masara a bayanta. Ya ce bakina ne ya yi rantsuwa, amma kunnensa ne ya jawo, saboda haka kaffarar tamu ce mu biyu. Na tambayi liman, ya ce in dai kyauta Malam ya ba ni masarar ta zama tawa, in ciyar da ita. Aka tuƙa tuwo a gidana, miskinai goma suka ci suka ƙoshi. Sabi'u ne ya kawo kuka da daddawa, wai janaretansa ma yana da kaso a laifin. Shi ne kuma ya yi wa kaskon walda daga baya, kuma ya yi ta da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba.

Motar tana nan har yau, ba ta ɗiga, ko ta kalli Maraɗi. Amma Malam bai yarda ya ajiye ta tana kallon ko'ina ba sai gabas, kuma ya gaya wa duk yankinsu cewa sirrin Isuhu ne. In kuka je ƙauyen za ku ga motoci da babura duk sun juya wuri ɗaya kamar an tayar da sahu. Na yi bayani har bakina ya bushe, ba mai saurarona. Wasu sukan zo musamman su ce a ba su kwalin nan. Ina ba su, amma yanzu ba na zana kibiya, mota nake zanawa da fitilunta, in ce hanci wajen hanci. In kuma abin ya ƙi, in hau babur in je inda take kwana. Har gobe in mun haɗu da Malam sai mun yi musun, ya ce gabas na ce, in ce gaba na ce. In gaya muku gaskiya, yanzu ni kaina ban tabbata ba.

Amma safiyar da na dawo aiki ita ce ba na mantawa. Na zo na cire kwaɗo, na buɗe akwati, komai yana nan sai gurbin sha uku a fili. Motar tana kan rami tana jirana, Malam yana zaune a kan tayar nan da kuke kai. Ya tashi ya zaro hankici ya warware. Ashe har man gyaɗa ya shafa mata don kada damina ta sa ta tsatsa. Na miƙa hannu zan karɓa, ya ce in dakata. Ya durƙusa da ƙyar, ya ajiye ta a kan wani kwali a ƙasa, ya ɗaga kai ya duba inda rana ta fito, ya juya bakin sifanar can a hankali. Ya yi bisimilla, ya ce, "Ɗauki, ɗana."

Ban gyara masa ba. Na durƙusa na ɗauke ta da hannu biyu, na shiga rami.